Shinkafar Gangara cikin Buhun Waje

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a rumfata, bakin layin 'yan hatsi a nan Isa, sai ga wasu samari da ɗan keken nan na ɗinke bakin buhu, wanda ake riƙewa a hannu. Kafin in zura igiya a basilla sun gama wa wani mutumin Kurawa buhun gero. Ɗayansu ya waiwayo yana dariya ya ce, "Baba Mamman, wanga aiki har zama a kai a koye shi? Ai ko yau ka taho kasuwa kana yi nai." Na duba na ga sun cika buhun har wuya, ba su bar masa kunnuwa ba. Da 'yan dako suka zo ɗauka suka rasa wurin kamawa, suka rungume shi suka jefa a mota, baki ya yage. Kajin kasuwa sun yi buki ranar nan.

Ni ba ni da faɗa da keke. In Allah ya hore mini ni ma za ni saya, don yatsuna sun fara yi mini gardama da safe. Amma ku samarin keke, tun da kun ce aikin ba wuya, ku matso ku ji yadda aka yi na yi furfura a cikin buhuna.

Ubangidana Malam Nomau, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na taɓa basilla ba sai da na gaji da kakkaɓe buhu da wanki da shanya. Zai ɗauko tsohon buhu ya cusa mini a fuska ya ce, "Kai Mamman, hancin ga naka na ado na? Shinshina. Mi anka zuba cikinai?" Daga nan na koyi cewa buhun da ya taɓa cin takin zamani ba ya ƙara ganin abinci, komai wankinsa. Na barkono ba a ba mai garin tuwo. Na sukari sai an wanke shi sosai, in ba haka ba tururuwa ta raka manomi har rumbunsa. Albasa kuwa tana son buhun da iska ke ratsawa. Sai da hancina ya waye sannan ya ba ni kayan aiki: basilla miƙaƙƙiya ta ɗinkin baki, lanƙwasassa ta faci, igiyar rama, aska, da 'yar fatar da ake ɗaurawa a tafin hannu don tura allura. Ɗinkinsa na giciye ne, manya-manya, da ƙulli biyu a kowane kunne. Daga Isa har Maraɗi, ɗan dako in ya ga giciyen nan ya san zai iya jefa buhun daga saman mota ba fargaba.

A lokacin buhun ashasha muke yi, wanda ake saƙawa a ƙasar nan. Yana da nauyi, yana da ƙaiƙayi, amma sai ka yi masa faci a kan faci yana nan. Daga baya na leda ya shigo ya kore shi, aka daina jin labarin masaƙunsa. Sannan shinkafar waje ta malalo, ta sauka a bakin teku can ƙasashen maƙwabta, ta biyo ta Nijar ta faɗo mana. Fara tas, doguwa, ba tsakuwa, a cikin buhuna masu santsi da hoton giwa ko tsuntsu da rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Ni dai kakata ta yanke saƙa, don wofin buhunan nan su ne suka zama hajata. Mutanen fadama kuwa suka sha kashi. Mutum ya noma shinkafa a bakin gulbi, ya sha sauro da tsuntsaye, ya kawo kasuwa, 'yan birni su wuce shi suna taɓe baki.

A nan ne wata al'ada ta samo asali, wadda ba za ku ji ta a rediyo ba. Idan an aurar da yarinya zuwa birni, aka tashi kai gara, wato kayan abincin da dangin amarya ke kai wa gidan miji, sai kunya ta hana a kai shinkafar gida tsirara. Sai a zo wurina. In zaɓo buhun waje mai kyan hoto, a ɗura ta gida, ni kuma in yi abin da muke kira ɗinkin kamfani. Wannan fa shi ne aikin da ke cin ido. Siririyar allura nake sawa da farin zare, in bi tsofaffin hudojin da injin ya bari, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, har buhun ya fito kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Mu a wurinmu rufin asiri ne. Sau da yawa gidan angon ma sun sani, don su ma wani suka sa ya yi musu lokacin da suka aurar da tasu.

Sai shekarar da aka rufe boda ta zo. Gwamnati ta ce ba shiga ba fita, a noma a ci na gida, don manomi ya samu kasuwa, masu injin casa su samu aiki, kuɗin ƙasa su daina tafiya waje. A bakin mai magana abin da daɗin ji. Ni kuwa ita ce muguwar shekarata. Wofin buhu ya yanke. Fataken wake da ke tsallakowa suna cika mini rumfa suka ɓace. Ɗan ƙanen mahaifiyata da ke can tsallake, wanda tun muna yara muke cin kasuwa ɗaya, rana ɗaya aka wayi gari albasarsa ta zama kayan ƙasar waje, ta ruɓe masa a ɗaki. Abinci ya yi tsada har mai gida ya riƙa leƙa tukunya. Na koma facin tsofaffin tsummokara waɗanda a da kyauta nake ba masu awaki. Amma ba za ni yi ƙarya ba, a fadama dariya ake yi. Gonakin da aka bari sun koma kurmi aka share su, samarin da suka tafi ci-rani suka dawo suka shiga ruwa. Kuma tun da aka fara tsare motoci a hanya ana neman shinkafar waje, buhu mai hoto ya zama abin tsoro. Duk wanda ya saya sai in juya masa shi, rubutu ya koma ciki.

Ana cikin haka Gwaggo Kulu ta Gangara ta iso rumfata. Kowa haka yake kiranta, har mu sa'o'inta. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da fadamarsa, ita ke turara shinkafarta, ita ke shanya. Ta riƙe Rabi, ɗiyar ƙanenta, tun tana ƙarama har ta gama karatun ungozoma ta samu miji a Sakkwato. A wurin bukin ne wata gwaggon ango, Hajiya Luba, ta faɗa cikin mata tana gyara mayafi cewa, "Mu gidanmu ba mu cin shinkahwa mai tsakuwa, haƙoranmu ba su saba ba." Maganar nan ta tsaya wa Kulu a maƙogwaro. Ta koma gida ta tara matan unguwa, suka zauna da faifai suna tsintar shinkafarta ƙwaya-ƙwaya har idanunsu suka yi ja.

Ta ce, "Mamman, buhun waje ni ka so, masu kyau, masu hoton giwa. Kuma ɗumkin kamfani za ka yi man."

Na ce, "Gwaggo Kulu, ba ki ji an ruhe boda ba? Yanzu kowa juya buhu shi kai. Bari in juya maki su, ki tahi lahiya."

Ta ce, "In ka juya su, wa ka ganin giwar? Don giwar niz zo."

Na yi mata bayani har bakina ya bushe, ta ce ita ba ta kai Rabi gidan da za a riƙa yi mata gori da tsakuwa. Na shiga can ƙuryar rumfa na tono ragowar masu giwa da na ɓoye. Gaskiya na zuba basira a ɗinkin nan, har ni kaina da na ja baya na duba sai da na yi murmushi.

Ranar kai gara ni ma na shiga motarsu, don ina son in leƙa Sakkwato ko za ni dace da wofin buhu. Kulu da mata 'yan rakiya suna baya, gara a but da saman mota. Sai ga Hajiya Luba, ashe ta zo gaisuwa wurin danginta a Isa, aka ce ai ga motar gida, ta shigo gaba da tabarau da ƙamshin turare. Tun kafin mu bar tasha ta hango giwaye, ta ce, "A'a, Kulu, ina kis samo ta waje cikin wanga yanayi?" Kulu ta gyara zama ta ce, "Hajiya, wanda duk ka son ɗiyatai ba shi rasa hanya." Daga nan ba ta sake rufe baki ba. Ta ba da labarin wahalar da aka sha kafin a tsallako da ita, ta ƙara gishiri, ta ƙara yaji. Ni ina ta kallon gonakin dawa ta taga.

Mun yi nisa sosai sai ga shinge. Wani jami'in kwastan, dattijo mai furfura a saje, ya ɗaga hannu, direba ya gangara gefe.

"Sannunku da hanya. Me aka ɗauko?"

Direba ya ce, "Gara ta, ranka shi daɗe."

Ya zagaya baya, ya ga giwaye jere, ya shafa ɗinkin da yatsa. Ya dawo ya ce, "Ina mai kayan nan? Tambaya ɗaya ce. In ta gida ce, Allah ya kiyaye hanya. In ta waje ce, nan za ta kwana."

Na dubi Kulu, na ga zufa na bin goshinta. In ta ce ta waje ce, noman shekara ya tafi, Rabi ta shiga gidan miji ba gara. In ta ce ta gida ce, ga Hajiya Luba a gaba da kunnuwa biyu. Tausayinta ya kama ni, kuma Allah ya sani dariya ma tana cina.

Hajiya Luba ce ta ga ya kamata ta yi taimako. Ta leƙo ta taga ta ce, "Yallaɓai, ba mu yi maka ƙarya, ta waje ta. Amma gara ta, ba ta saidawa ba. Baiwar Allah ga ta sha wuya kahin ta samo ta. Ka dubi Allah."

Jami'in ya ce, "Hajiya, ai kin gama magana." Ya juya ga yaransa ya ce a sauke.

Buhun farko na taɓa ƙasa, Kulu ta banko ƙofa ta diro, mayafi a hannu. "Kada wanda ya taɓa man ita! Tawa ta! Ni nin noma ta, ni nit turara ta, ni nish shanya ta bakin garkata! Ba ta san wata ƙasa ba in ba Gangara ba!"

Hajiya Luba ta cire tabarau ta dube ta, ta mayar, ta juya fuska gaba.

Jami'in ya ce, "Inna, kowa haka yake cewa in an sauke. Wannan ɗinkin kamfani ne, ba a taɓa buɗe shi ba."

Wallahi a tsaye nake cikin tashin hankali, amma sai da na ji kaina ya kumbura. Na matsa na ce ni na yi shi da hannuna. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in haka ne kamfanonin ƙasar nan sun yi asarar ma'aikaci. Na ce ya ja bakin zaren ya gani, na inji in aka ja shi warwarewa yake yi har ƙarshe. Ya ja, zare ya ƙi tafiya. Ya gyaɗa kai ya ce, "Na yarda an sake ɗinki. Amma masu fasa-ƙwauri ma suna sakewa. Abin da ke ciki nake tambaya."

Na sa aska na farke baki. Ya ɗebo a tafin hannu, ga ta nan tas, ba ƙaiƙayi, ba baƙar ƙwaya. Ya kai hanci ya shinshina, ya daɗe, na ga gefen bakinsa ya motsa. Har yau ina zaton tun a ƙamshin ya gane, don ta waje warin sito take yi, ta Kulu kuwa ƙamshin wadda aka turara kwanan nan da ɗan hayaƙi. Amma ga yaransa tsaye, ga Hajiya ta riga ta ba da shaida da bakinta. Sai ya ce, "Ni ma ɗan manomi ne. Tun da nake ban taɓa ganin shinkafar gida ba tsakuwa ba. Ku nuna mini ko guda ɗaya, ku wuce."

Kulu ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni Kulu! Ni da niz zamna ina tsinta har idona yay yi ja!"

Na shimfiɗa 'yan tsofaffin buhunan da nake zaune a kai, muka juye shinkafa a bakin titi. Mu duka muka durƙusa, ni da direba da mata 'yan rakiya, muna baje ta da yatsu. Masu wucewa suna rage gudu suna kallonmu. Wata mai sayar da fura ta ajiye ƙwaryarta ta shigo. Muka gama buhu guda ba ko ɗigo, aka juye wani. Kulu tana nema tana faɗa wa matan nan, "Ku ma kun cika ƙwazo! Wa yac ce ku tsince ta duka?" Rana ta take, gwiwoyina suka fara ciwo.

Can sai na ji ƙarar ƙofar gaba. Hajiya Luba ta sauko, ta naɗe hannun rigarta mai tsada, ta tura awarwaro sama, ta ce wa direba, "Matsa, kai ba ka san inda a ka nema ba. Gindin buhu ta ka kwanciya." Ta ɗauki buhun da muka juye, ta zura hannu can cikin kusurwa, ta kakkaɓo ragowar a tafinta, ta kawo kusa da tabarau. Sai muka ji ihu.

"Ga ta! Wallahi ga tsakuwa! Alhamdu lillahi!"

Ta ɗaga ta sama tsakanin yatsu biyu, 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar dawa ba. Mata suka rangaɗa guɗa a tsakiyar hanya. Jami'in ya karɓa ya ɗan gwada ta da haƙori, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ta gida ce. Inna, Allah ya yi wa hannunki albarka. Amma don Allah ki daina ba giwa ladan aikinki."

Muka kwashe muka mayar. Ba lokacin ɗinkin kamfani, don haka na juya buhunan, rubutu ciki, na zaro babbar basilla na yi musu giciyen Malam Nomau da ƙulli biyu a kunne.

Mun ɗan yi tafiya, sai Hajiya Luba ta waiwayo.

"Kulu, da gaske ke kin noma wagga?"

"Ni."

"Kuma ke kit tsince ta haka?"

"Ni da matan unguwarmu."

"To, don mi kiɓ ɓoye ta?"

Kulu ta ce, "Don haƙoranku, Hajiya."

Direba sai da ya kusa sakin sitiyari don dariya. Hajiya Luba ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce ta ji, Kulu ta ci wannan. Ta ƙulle tsakuwar a bakin gyalenta ta ce sai ta nuna wa Rabi.

Ba a yi wata ba saƙo ya zo Gangara, Hajiya Luba na son buhu, maƙwabciyarta ma na so. Kafin damina ta zagayo, matan unguwar Kulu sun zama ƙungiya, wasu na turarawa, wasu na tsinta. Daga baya aka buɗe boda, ta waje ta sake leƙowa ta hanyoyinta. Waɗanda suka yi amfani da rufewar suka riƙa tura wa mutane shinkafa da yashi a kan tsada, don sun san ba inda za a je, su ne suka fara kuka, masu saye suka gudu suka bar su. Na Kulu ba su motsa ba. In kun tambaye ni, rufe ƙofa ya ba manomi damar numfasawa, ya kuma gasa wa irina da irin ɗan uwana na tsallake aya a hannu. Da masu rufewar sun haɗa da injin cire tsakuwa a kowace kasuwa, da hanya mai lafiya, da matan Gangara ba su ƙare idonsu a kan faifai ba. To, ni mai buhu ne, ba a tambaye ni ba.

Yanzu fararen buhuna take saye, ba hoto ba rubutu. Ranar da ta fara kawo su na tambaye ta wane ɗinki za a yi, ta ce, "Naka. Wancan babba na bakin hanya. Hajiya ta ce in ba ta ga giciye ga baki ba, ba ta barin a sauke mata." Ashe matan Sakkwato da shi suke gane shinkafar Gangara. Shi ya sa, ɗan nan mai keke, da ka tare ta a makon jiya ka ce za ka yi mata cikin ƙiftawar ido, ta ce maka Allah ya ba da kasuwa ta wuce. Ba raini ba ne.

In kuna son koyo, ku zo da safe kafin layi ya cika. Ga tarin tsofaffin buhuna can, da hanci za mu fara. Siririyar allurar da nake kwaikwayon kamfani da ita kuwa, ga ta nan soke a ginshiƙin rumfa inda na bar ta. Ta yi tsatsa, ban kuma yi niyyar goge ta ba.